Tabon Girar Baba Kafinta

Shekarar da Ɗaga-Haɓa ya buɗe shagonsa na hoto, duk abin da ya mallaka bai cika baro biyu ba. Kyamara ɗaya ce 'yar gwanjo, sai fitilu biyu masu lema, ɗaya sai an ɗan mare ta take kamawa. Akwai shuɗin labule da ƙanwarsa ta yi wa kalmasa, da wata kwamfuta mai nishi kamar tsohuwar da ta hau bene. Sunan kuwa tun yana koyon aiki aka laƙa masa, don kowa ya zauna gabansa, yaro ko babba, abin da zai fara ji ke nan: “Ɗan ɗaga haɓa.” Har yau idan ya tuna ɗan ɗakin nan mai ƙanshin sabon fenti, da yadda rana ke leƙowa ta ƙasan ƙofa da hantsi, sai shayinsa ya huce a hannu.

Abin da ya fara jawo masa mutane shi ne gyaran fuska. Ubangidansa na dā mutumin tsohuwar kyamara mai fim ne da ɗaki mai duhu na wanke hoto, yadda ka zo haka za ka fito. Shi kuwa Ɗaga-Haɓa ya koya wa kansa share ƙuraje da goge tamoji a kwamfuta, har 'yan matan layin suka riƙa cewa a shagonsa ba a tsufa. Maganar na yi masa daɗi, ba ya ɓoyewa.

Amma mutum na farko da ya zauna gaban shuɗin labulen ba budurwa ba ce. Baba Kafinta ne, mai shago a ƙarshen layi, wanda ya haɗa masa kujerar zaman masu hoto. Ranar da ya kawo ta, ya zauna ya girgiza ta ya ji ko tana rawa, fensir a maƙale a kunnensa, garin katako a gashin hannunsa.

“Baba, tunda ka zauna, bari in gwada fitila a kanka.”

“Ni? Wannan fuskar sai ta fasa maka gilashi.”

“Ɗan ɗaga haɓa, Baba.”

“Ka ji ɗan banza! Shekara saba'in ina sunkuye kan katako, yau ka ce in ɗaga haɓa?”

Yana cikin dariyar aka ɗauka, sau ɗaya tak. Ya ce zai dawo ya gani idan ya sami sarari. Wata biyu bayan nan ya kwanta ciwon kwana uku, Allah ya yi masa rasuwa.

Da aka kwana biyu, babbar 'yarsa, wadda ke koyarwa a firamare kowa ke ce mata Malama, ta zo shagon. Ta ce sun birkice gidan kaf, ba su sami hoton Baba ba sai wani ɗan ƙarami na katin shaida da ruwa ya cinye. An ce mata ya taɓa zama a nan. Tana so a wanke babba a sa a firam, mahaifiyarsu ta rataya a ɗaki.

Ɗaga-Haɓa ya sa a ransa zai yi wa Baba aikin da bai taɓa yi wa kowa ba. Yini guda ya yi a kai. Ya goge tamojin goshi, ya cike kumatu, ya kwantar da jijiyar wuya. Akwai wani tabo da ya raba girar dama biyu, shi ma ya share shi, ya dasa gashi a wurin sili-sili har ba mai cewa an taɓa. Da ya gama ya adana, kamar yadda hannunsa ya saba, a kan na asalin, sabon ya danne tsohon. Katin kyamarar kuwa tuni an share shi an sake cikawa ya fi sau goma.

Malama ta zo karɓa ranar Laraba. Ta zare takardar da aka naɗe firam ɗin, ta duba, ta ƙara dubawa.

“Wannan wane ne?”

“Baba ne mana, Yaya.”

“Baban wa? Wannan ai kamar wani ɗan kasuwa da bai taɓa riƙe guduma ba. Ina tabonsa?”

“Na ɗan gyara ne, don ya fito da kyau.”

“Ba kyau muka zo nema ba, ubanmu muka zo nema. Ba ni wanda ba ka taɓa ba.”

Ɗaga-Haɓa ya juya kan kwamfuta. Ya bincika kwamfutar lungu da saƙo tana tsaye a kansa, ya zura katin ya fitar ya sake zurawa, babu. Fuskar Baba ta ƙarshe a duniya a hannunsa take, shi kuma ya goge ta da kansa. Ya faɗa mata gaskiya, kansa a ƙasa. Ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi jin sauƙi. Ta ajiye firam ɗin a kife kan tebur ta fita.

Kwana biyu yana ƙoƙarin mayar da tabon daga tunani. Sai ya tarar bai san shi ba. Ya gan shi sau ɗari, amma a miƙe yake ko a karkace, daga ina ya fara, a ina ya tsaya? Duk wanda ya zana sai ya fito kamar an yi wa mutum sharri.

A rana ta uku da la'asar sai ga su su uku: Malama, da mahaifiyarsu 'yar tsohuwa mara jiki, da autansu, ƙaton direban babbar mota wanda sai da ya duƙa kafin ya shigo.

Ɗaga-Haɓa ya durƙusa. “Mama, ki yafe mini. Na yi ɓarna.”

“Tashi, ɗan nan. An ce kai kake cire wa mutane abu a fuska. To mai cirewa ai ya iya mayarwa. Nuna mini.”

Ya buɗe hoton a kwamfuta, ya ce su gaya masa yadda tabon yake. Nan fa gardama ta tashi. Malama ta ce a tsaye yake kamar lamba ɗaya. Auta ya ce a kwance yake, kuma ma a hagu.

“Hagu a gidan wa?” in ji Malama. “Kai da ba ka iya haɗa ido da shi, kullum da laifi a wuyanka, yaushe ka ga girarsa?”

“Ke da kike 'yar lele ai sai ki zana mu gani.”

“Ku rufe mini baki,” in ji tsohuwar. “Auta, zauna can. Kai ne ka kwaso goshinsa.”

Ƙaton nan ya zauna kan kujerar, ta yi ƙara amma ba ta yi rawa ba. Tsohuwar ta zare biro daga jakar Malama, ta kama kan ɗanta da hannu ɗaya kamar za ta yi masa aski. Sai ta rufe ido. Ta sa ɗan yatsa ta bi girarsa ta dama a hankali, ta tsaya, ta koma baya kaɗan.

“Nan ne. Ƙusa ce ta yi tsalle, yana saurayi, yana haɗa wa wani gado. Daga nan ta shiga, ta karkata wajen kunne, ƙarshenta da ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya.” Ta buɗe ido ta ja layin da biro.

“Mama, haka zan fita titi?”

“Ubanka shekara hamsin ya yi yana fita da shi.”

Ɗaga-Haɓa ya kunna fitila ya ɗauki girar Auta kusa-kusa, ya jera ta gefen ta Baba, ya fara aiki. Ya cire gashin da ya dasa, ya bi layin biron sannu a hankali. Tsohuwar na zaune dab da shi tana cewa, “Ya yi kauri. Rage. A'a, ba ja ba ne, fari-fari ne, yana ɗan sheƙi.” Har rana ta sauka daga bango ba wanda ya yi zancen tafiya.

Can ta daina gyara masa. Ya cire hannunsa.

“Mama, tabon ya dawo. Amma tamojin goshi da na gefen ido ba zan iya mayar da su yadda suke ba. In na ce zan iya, na yi miki ƙarya.”

Malama ta buɗe baki, uwar ta ɗaga mata hannu. Ta matso da fuskarta kusa da gilashin kwamfutar, ta daɗe tana kallon mutumin nan mai santsin goshi da tsagaggiyar gira, yana dariya.

“Ku ba ku san wannan ba,” ta ce da 'ya'yanta. “Ku tsoho kuka tarar. Haka yake ranar da ya zo gyara mana ƙofar gida ina budurwa, ya yi kwana huɗu a kan aikin awa ɗaya.” Ta goge ido da gefen mayafi. “Bar shi haka, ɗan nan. Wanke mini shi.”