Karce a Madubin Zvonko

Zvonko ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙen ƙasa, kamar kowane namiji a garin ma'adinai na Coober Pedy, yana bin jijiyar ofal, dutse mai daraja, a cikin rami. Sai da ƙurar ramin ta gama cin huhunsa sannan ya ce shi yanzu sama yake son leƙawa. Ya aika birni aka kawo masa faifan gilashi biyu masu kauri da gwangwanayen garin guga, ya kafa duro a tsakiyar ɗakin da matarsa Nevenka ke gyaran duwatsu, ya ce da hannunsa zai sassaƙa madubin na'urar hangen taurari. Zuhal yake son gani, duniyar nan mai zobe, kuma ba da madubin wani ba.

Nevenka ta ce masa sauran tsofaffi in hauka ta zo musu kare suke saya. Bai kula ta ba. Kullum sai ya jiƙa garin, ya ɗora faifai kan faifai, ya tura ya janyo, ya matsa gefe ya sake, yana zagaya duro har na saman ya fara loɓawa kamar faranti. Nan ƙarfinsa ya tsaya. Ya kai in ya yi zagaye ɗaya sai ya nemi kujera yana haki, leɓunansa sun yi baƙi.

Likita ya faɗi abin da ya faɗa, 'yarsu Jasna kuma ta bugo waya daga Adelaide ta ce da an yi hutun makaranta za ta zo da mota ta kwashe su, su zauna kusa da asibiti, ba ta son gardama. Babu wanda ya ce Zvonko ba zai dawo ba, amma kowa ya sani. Nevenka ta ajiye waya, ta dubi mijinta, ta dubi duron, ta ɗaura gyale a ƙugu.

"Tashi min daga hanya, tsoho. Kai dai faɗi yadda ake yi."

Ashe aikin ya dace da hannunta. Ta bi garin daga mai kaushi zuwa mai laushi, ta koma gogewa da jar hoda a kan faifan da aka shafe da kwalta, hodar da ta saba goge ofal da ita tun tana amarya. Gidansu cikin tudu aka haƙa shi, irin na kowa, rani da sanyi duk ɗaya ne a ciki, iska ba ta motsi. A dogon lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin kwana Zvonko ke gwaji: ya jingine madubin a can ƙarshe, ya zauna a nan da 'yar fitila da reza, yana yanka hasken da ya dawo a hankali, inuwa tana nuna masa tudu da kwarin da ido ba ya gani. Ita ke da hannu, shi ke da ido, kuma rabon da su yi aiki ɗaya tare har sun manta.

Ran nan tana wanke madubin ta hango karce, siriri kamar gashin gira, kusa da gefe. Ta nuna masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ta bar shi, karce ba ya hana gani.

To, sai ka san Nevenka. Dutse bai taɓa fita daga hannunta da karce ba. Dillalai sun sha manna gilashi a ido su juya dutsenta su juya, su ajiye ba su sami abin faɗa ba, kuma da wannan take taƙama a gari. A sana'arta in ka ga aibi, wurin kake bi ka murje shi har ya ɓace. Da Zvonko ya kwanta barcin rana da robar iska a hanci, ta ɗauko guntuwar fatar da take goge duwatsu da ita, ta dangwali hoda, ta duƙufa kan wurin nan da babban yatsa. Kafin ya farka karce ya tafi, gilashi yana sheƙi tas.

Da yamma ya zauna gwaji. Ya daɗe ido a bayan reza, sannan ya kira ta ta duba da kanta. A gefen madubin ga wani baƙin rami a cikin inuwa, faɗin yatsa, daidai inda ta murje.

"Na ce ki bar shi," in ji shi, ba da faɗa ba, kuma rashin faɗan ne ya fi yi mata ciwo. Ya ce madubi ba ya son a fifita wani wuri, duk fuskarsa dole ta tafi tare, in ba haka ba tauraro sai ya zama kamar an shafa shi da hannu. Gyaran kuwa ɗaya ne: a koma garin guga, a rage fuskar gaba ɗaya har ta kai zurfin ramin, a sake gogewa daga farko. Ya ce ta haƙura, lokaci ya ƙure, ai ya ga Zuhal a hoto.

Nevenka ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta kuma ji haushi, haushin ne ya tashe ta tsaye. Ta ce hoton ya ci gidansu. Ta buɗe gwangwani.

Makonnin da suka rage ta yi su a jikin duro. Ta daina naɗa kabeji da nama, suka koma burodi da cuku. Akwatunan da Jasna ta ce a shirya suna nan wayam a lungu, in ta bugo waya sai Nevenka ta ce ana nan ana yi. Kafaɗarta ta riƙe, yatsunta suka tsattsage, sawunta ya yi zobe a ƙasan ɗakin. Maƙwabcinsu Manolis, wanda suka yi rami ɗaya da Zvonko shekaru, ya kawo wani tsohon bututun iska na ma'adinai wanda zai zama jikin na'urar, ya yi masa ƙafa da katako, yana tsokanarta wai in ta gama ta goge masa sanƙonsa. Abu ɗaya ne ba dama: aika madubin birni a shafa masa azurfa don ya maido haske sosai, lokaci ba zai kai ba. Zvonko ya ce gilashi tsirara ma yana maido haske kaɗan, wataƙila ya isa, wataƙila bai isa ba.

Saura kwana kaɗan Jasna ta zo, inuwa ta kwanta lafiya a bayan reza, sumul daga gefe zuwa gefe. Ta ɗaga madubin za ta wanke, sai ga sabon karce, ya fi na da tsawo, kusan a tsakiya. Zvonko yana barci. Fatar tana nan inda take a kan tebur, yatsanta har ƙaiƙayi yake. Ta tsaya ta daɗe tana kallon karcen. Sannan ta ɗauki fatar ta jefa cikin kwandon shara, ta je ta tashe shi ta faɗa masa da bakinta cewa akwai karce, kuma ta bar shi.

Jasna ta iso ta tarar da akwatuna babu komai, ta buɗe baki, uwar ta ce ta adana faɗan sai gobe a mota, yanzu ta kama tukunyar iskar numfashin ubanta. Rana na faɗuwa suka hau da shi kan tudun gidan, Manolis na riƙe da shi ta ɗaya gefen, suna tsayawa yana hutawa. Sama ba ta gama duhu ba Zvonko ya nuna wani ɗigo mai ruwan ɗorawa a gabas. Nevenka ta juya bututun, wanda tuni suka ɗaura wa madubin, ta saita yadda ya koya mata, amma ta ƙi sa ido. Tsoro take ji.

Ya sunkuya. Ya murɗa gilashin leƙawa, ya sake murɗawa. Numfashinsa kawai ake ji.

"Tsohuwa," ya ce, bai ɗago ba, "karcen nan naki fa ya fito. Ya zagaye duniyar kaf."

Ta ture shi gefe, ta manta ma da ciwonsa, ta manna ido. Ga ta can, 'yar mitsitsiya, dishi-dishi amma tsaf, da zobe siriri a karkace kewaye da ita, har da duhu tsakanin zoben da jikinta. Ta ɗago za ta zage shi ta tarar yana dariya marar sauti, hawaye na bin robar hancinsa.

Jasna ta ce sanyi ya fara sauka, a shiga da shi. Nevenka ta cire rigar sanyinta ta yafa masa, ta matsa bututun kaɗan don Zuhal ta soma zamewa, ta ce babu inda za shi, bai gama kallo ba.