In Jini Ya Hau

Barakatu ba ta son Talata, don ita ce ranar awo. Mata kan cika bencin ƙaramin asibitin garinsu, can bayan Dayi, kowacce da katinta a hannu. Ita kuwa katinta yana wurin Inna Kulu, uwar mijinta, kamar an kawo yarinya rigakafi. Shekararta ashirin da huɗu, cikin fari, wata takwas. Duk garin an san kanta ba ya ɗaukar magana da sauri. In ka faɗa mata abu ɗaya a hankali, ta riƙe shi ke nan. In ka jero mata uku a numfashi ɗaya, duka sai su zube.

Ranar nan Malama Adawiyya mai awo ta ɗaura mata abin gwaji a damtse, ya matse ta, ya sake ta. Malamar ta dubi lambar, ta ɗago kai, amma Inna Kulu ta kalla.

"Inna, jininta yana neman hawa. A rage mata gishiri, ta sha wannan safe da yamma, ta riƙa hutawa. In jini ya hau, ku dawo da ita. Mai bi!"

"Malama," in ji Barakatu, "ya hau ina?"

Matan benci suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Bisa kuka, 'yar nan." Inna Kulu ta ja ta da hannu suka fita, tana cewa kullum sai ta ba ta kunya a gaban mutane.

Cikin duk abin da aka faɗa, magana ɗaya ta biyo Barakatu gida: in jini ya hau, a dawo. Ta kuwa riƙe ta gam. Kowace safiya sai ta shiga bayan gida ta duba zanenta. Ba jini. Ta duba tabarma, ta duba yawunta, har hanci take sa yatsa ta gani, tunda an ce sama zai yi. Ba komai.

Amma ƙafafunta sun yi suntum, silifas ya daina shiga. Zoben azurfarta ya nutse cikin yatsa. Ga ciwon kai, ba irin na rana ba, wani ne mai dukan ƙeya kamar ana sussukar dawa a ciki. Rana ta biyar ta fara ganin wasu ƙananan wuta suna yawo a gabanta.

"Inna, kaina."

"Ciki ne. Mu ma da haka muka haife su. Zo ki sha kunun kanwa."

Ta tari mijinta Mati a zaure, ya dawo daga girbin masara, duk ƙaiƙayi ya ishe shi.

"Malam, kaina zai fashe. Kuma ina ganin wuta."

"To me malamar ta ce?"

"Ta ce in jini ya hau."

"Kin ga jinin?"

"A'a."

"To shi ke nan. Ki kwanta, Talata ta kusa."

Haushi ya turnuƙe ta. Ta faɗa wa mutum biyu, ba wanda ya ji. Kuma tun jiya abin da ke cikinta ya rage shurin da yake mata bayan cin tuwo. Wannan ba ta buƙatar kowa ya fassara mata.

Washegari da hantsi, Inna Kulu ta tafi barka, Barakatu ta yafa mayafi ta fita ba takalmi. Tafiyar da ta saba yi cikin ɗan lokaci, sai da ta zauna sau uku a bakin gonaki.

Malama Adawiyya tana rubutu ta gan ta a ƙofa.

"Ke, yau Litinin. Gobe ne awo. Ina Innarki? Ina katinki?"

Barakatu ta shiga, ta zauna, ta naɗe hannun riga, ta miƙa damtse.

"Ki ɗaura mini wancan."

"Na ce gobe."

"Ba zan tashi ba. Ki ɗaura."

Malamar ta yi tsaki ta ɗaura, don dai a rabu lafiya. Da lambar ta fito, sai ta ajiye biro. Ta sake gwadawa a ɗaya hannun. Ta danna ƙafar Barakatu da yatsa, ramin ya tsaya bai cika ba.

"Innalillahi! Tun yaushe kike haka? Ban ce in ya hau ku dawo ba?"

"Kullum ina dubawa," in ji Barakatu. "Zanena, tabarmata, hancina. Ban ga jini ba. Na tambaye ki ina zai hau, aka yi mini dariya."

Malama Adawiyya ta jawo kujera ta zauna gab da ita.

"Ba a ganinsa, Barakatu. A ciki yake. Ciwon kan nan, shi ne."

"Shi ne?"

"Shi ne. Kumburin nan ma shi ne."

"To da kin ce ciwon kai, ai da tun ranar Laraba na zo."

Aka yi mata allura biyu masu zafi, aka aika gona a kira Mati, aka tsayar da wata motar kasuwa mai zuwa Malumfashi. Mati ya iso da gudu, yana ta cewa shi ma jini yake jira a gani. Inna Kulu ta shiga motar tana faɗa, wai wa ya ba ta izinin fita.

Kafin la'asar likita ya yi mata aiki. Da ta farfaɗo, bakinta a bushe, cikinta kamar an ɗora dutse, ta ji ana ta magana a kanta, kowa da tasa.

"Ku yi shiru," ta ce. "Yana da rai?"

Wata ma'aikaciya ta sunkuyo. "Mace ce. Ƙarama ce ƙwarai, amma tana numfashi da kanta."

"A kawo ta."

"Ki bari ki huta tukuna," in ji Inna Kulu. "Kada ki yar da ita."

Barakatu ta miƙa hannu biyu, ta ƙi saukewa. Ta bar su a miƙe, har ma'aikaciyar ta je ta ɗauko jaririyar ta kwantar mata a ƙirji.