Haƙoran Makuei

Jikata Adhieu ta dawo daga makaranta fuska a murtuke. An ba 'yan ajinsu aikin bincike a kan al'adun Afirka, ita ta zaɓi namu na ƙabilar Dinka, ta zauna ta rubuta abin da na faɗa mata. Malama Pritchard ta dawo mata da shi. Wai duk magana sai an nuna littafin da ta fito. Kaka ba littafi ba ne. In ba ta gyara ba kafin ƙarshen zango, ta faɗi darasin.

Na tambaye ta wa ya gaya wa littafin. Ta ce in bar ta da abin da ya dame ta.

Mai kula da ɗakin karatun makarantar, Mista Hollis, shi ya samo dabara. Ya ce a kawo ni ɗalibai su yi mini tambayoyi, ya ɗauki muryata, ya ba ta lamba ya ajiye a kan kantar littattafai. Daga nan na zama abin dogaro. Ni da na yi kiwon shanu a bakin kogin Nilu tun ubansa bai san hanyar Toowoomba, garin nan da muke zaune, ba.

Na sa kwat ɗina na coci na je. Aka zaunar da ni a wata kujera mai taushi wadda tashi daga cikinta sai da taimako. Yara sun kewaye ni, kowa da littafi buɗe, don an koya musu su gwada duk abin da suka ji da abin da aka buga. Na fara da sunayen kakannina, yadda mutum mai asali yake fara magana. Ban kai rabi ba Hollis ya taɓa agogonsa.

Sai wata yarinya mai jan gashi ta ɗaga hannu. Ta ce littattafai biyu sun nuna ana cire wa Dinka haƙoran ƙasa tun suna yara, ga shi nawa cif-cif. Ta tambayi malama, ba ni ba, ko za a iya dogara da ni. Malama ta yaba mata ƙwarai. Ta ce wannan shi ne bincike.

Haƙoran na roba ne. Wani likita a birnin Brisbane ya sa mini su don in iya cin tuffa kamar mutanen gari. Ko surukata ba ta taɓa ganina babu su ba.

Adhieu ta matso kusa da kunnena.

"Kaka, don Allah. Minti ɗaya kawai."

"A gaban 'ya'yan mutane?"

"To in faɗi ke nan."

Na dube ta, idonta ya ciko. Na sa yatsa biyu na zaro su, na ajiye a kan teburin Hollis, kusa da tambarinsa. Na buɗe baki. Yara suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, suna duban littafi suna duban dasashina. Ya yi daidai da hoton da ke littafin. Malama ta ce abin ya taɓa mata zuciya.

Adhieu ta ci darasin. Ta nuna mini a shafin ƙarshe na aikinta inda aka jera sunana, Makuei, tsakanin wasu Turawa biyu da suka mutu tuntuni. Sunayen kakannina ba su shiga ba. Hollis ya ce muryar ba ta fita sosai bayan na cire haƙoran, amma hoton bakina da ya ɗauka ya wadatar.