Roro a Gonar Tafinta

Zazzaɓi ya kama Malam Irimiya tun ranar Talata, amma sai ranar Alhamis da azahar ya yarda ya kwanta, shi ma don ƙafafunsa sun daina yi masa biyayya ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana tafinta a majami'ar garinsu, can yamma da Malumfashi. Duk baƙon mai wa'azin da ya zo da Turanci, a bakin Malam Irimiya jama'a suke jin sa. Har yabonsa ake yi, wai kafin mai wa'azi ya sauke numfashi shi ya riga ya juye maganar, wani lokaci ma ya fi mai ita tsara ta. Ya karanta Helenanci, harshen Girkawa, a makarantar horar da masu bishara, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

Ɗansa ɗaya ne, Dogara, makanikin injin ban-ruwa a Funtuwa, mai in'ina tun yana ƙarami. Allah ya haɗa uba mai saurin baki da ɗa mai nauyin harshe a gida ɗaya, ya sa Liyatu, matar Malam kuma uwar Dogara, a tsakaninsu. Ita ce mai jira. In magana ta maƙale wa Dogara, sai ta ci gaba da tsince shinkafarta har maganar ta fito da ƙafarta. Da Liyatu ta rasu bara waccan, aka rasa mai jira a gidan, hirar ɗa da uba ta koma gaisuwa da sallama.

Ran nan Dogara ya zo a kan babur da magani a leda. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Baba, na zo ne d-don ina so k-k-k..."

"Ka dawo Funtuwa wurinmu," Malam ya ƙarasa masa. "Na ji. Ba zan zo ba. A nan aka binne uwarka, a nan littattafaina suke. Sai me kuma?"

Dogara ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ba komai." Wannan kam ba ta taɓa maƙale masa ba, ya ƙware a kanta. Ya ce zai zauna a waje zuwa la'asar ya ga ko maganin ya karɓe shi, sannan ya kama hanya kafin hadari ya haɗu. Malam ya san irin wannan tafiya. Wadda aka yi ta ƙarshe, wata bakwai bai sake ganin ɗansa ba, kuma mai shekara saba'in da shida ba ya rantsuwa a kan wata bakwai.

Ya miƙe a gado, ya jawo tsohon ƙamus ɗinsa na Helenanci. Kwanakin nan yana wani nazari ne a kan kalmar kunne, ous, da yadda Ubangiji Yesu yakan rufe misalansa da kiran masu kunne su ji. A ganin Malam wannan kira ba da shi ake ba, shi da kunne ya ci abinci duk rayuwarsa. Yana cikin dubawa haruffan suka fara motsi, suka jeru kamar tururuwa, suka gangara ta gefen shafi, suka hau hannunsa. Ya bi su da ido har idon ya rufe.

Sai ya ga kansa tsaye a gefen mumbari. Majami'arsu ce, amma ba rufi, dawa kuma ta tsiro tsakanin bencina har ta fi mutane tsawo. Mai wa'azin kwat ne kawai a rataye a iska, ba kowa a ciki. Kwat ɗin ya ɗaga hannu zai fara, Malam ya riga shi. Ya yi ta zuba Hausa mai kyau, jimla na bin jimla, jama'a na gyaɗa kai. Da ya dube su da kyau sai ya ga gefen kawunansu sumul kamar bayan ƙwarya, ba mai kunne ko ɗaya.

"Sannu da aiki, abokin sana'a," aka ce daga sama.

Ya ɗaga kai. Indararo ne na tsohon kwano, maƙale a bangon da ba rufi, ruwa na kwarara ta bakinsa alhali sama tas take.

"Ni ba abokin sana'arka ba ne," in ji Malam. "Ni tafinta ne."

"Ni ma haka. Daga sama ake ba ni, in miƙa wa ƙasa. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa riƙe ɗigo ba, ana ta yabona. Kai fa, a cikin wa'azin da ka juye, wanne ne ya jiƙa ka?"

Malam ya buɗe baki zai lissafa, sai ruwa ya fito maimakon magana. Ruwan ya cika majami'ar, ya ɗauke bencina da kwat da dawa, ya ɗauke shi shi ma, ya ajiye shi a hankali a ƙarƙashin wasu itatuwa masu ganye ruwan toka waɗanda bai taɓa gani a ƙasar Hausa ba. Lambu ne. Ƙasar duk sawun mutane, kamar yanzu aka gama kokawa aka watse.

Wani abu ya yi tsalle kusa da ƙafarsa kamar ɗan kwaɗo. Ya sunkuya. Kunne ne, na dama, shi kaɗai ba kai.

"Ous," in ji Malam, don ko a mafarki ba ya barin dama ta wuce. "In ana nufin na kunne a ce otos, in suna da yawa a ce ota."

"Madalla," in ji kunnen. "Ka san sunana da harshe uku. Ni ne kunnen bawan nan, wanda aka sare da takobi a lambun nan, daren da aka kama Yesu. Ka sha juya labarina."

"Sau goma sha wani abu. Ai Yesu ya mayar da kai wurinka. Me kake yi a ƙasa?"

"Nakan dawo yawo. A kan maigidana umarni kawai nake ji, tafi, zo, kama, riƙe. Kafin a gama faɗa ƙafarsa ta tashi. Da aka raba ni da shi na faɗi nan, ba baki kusa da ni, ba amsar da zan shirya. Ɗan lokaci ne, bai kai a sha ruwa ba. A nan na fara ji."

"Me ka ji?"

"Numfashin wanda ya sunkuyo ya ɗauke ni."

"Me ya ce maka?"

"Ka gani? Har ka gyara tsayuwa za ka juya wa jama'a. Bai ce mini komai ba. Taho."

Kunnen ya yi gaba da tsalle, Malam na biye yana haki. Itatuwan suka yi ta gajarta har suka koma ƙasa, lambun ya buɗe ya zama gonar gyaɗa bayan an cire amfani, shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Rana biyu ce a sama, ba wadda ke da zafi. Mata sun bazu a gonar suna roro, suna tona ƙasa da 'yan itace suna tsintar gyaɗar da aka bari.

"Gonar wa ce wannan?" in ji Malam.

"Taka. Duk wanda ka ƙarasa wa magana, ƙarshen tasa nan yake faɗowa. Kai ka tafi da ganye, 'ya'yan suna ƙasa."

Malam ya dubi faɗin gonar, ya ce a ransa ko gwamnati ba ta da irin wannan fili. Sai ɗaya daga cikin matan ta miƙe ta dafe ƙugu, yadda mutum ɗaya tak yake yi a duniya. Tana sanye da zanen zumuntar matan majami'a, wanda ya koɗe a gwiwa.

"Malam," in ji Liyatu, "ka rame. Wa ke dafa maka?"

Shekara biyu yana tanadin abin da zai faɗa mata in sun haɗu, kalamai masu kyau, har da na waƙa. Abin da ya fito shi ne, "Kin tafi ba sallama."

"Na fara sallamar, ka ƙarasa mini. Na ce, Malam, idan na... sai ka ce za ki warke, kada ki yi irin wannan magana, har ka kawo aya. Ni kuma numfashin da ya rage mini ba na gardama ba ne."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma ta yi faɗan, da ya san inda zai kama. Ta kama hannun rigarsa ta kai shi gaban wani rumbu mai tsawon hasumiya, cike har gyaɗa na zubowa ta baki.

"Wannan duka na Dogara ne. Ni nake tara masa. Fasa ɗaya."

Ya ɗauki ɗaya ya fasa. Muryar yaro ɗan shekara bakwai ta fito, siririya, ba ko gargada: "...ba ni na fasa tabaranka ba." Ya tuna ranar. Yaron ya ce Baba b-b-b, shi kuma ya ce ba da gangan ba ne, na sani, ya zane shi duk da haka. Ya fasa wata: "...ni na gyara rediyon." Wata, murya ta fara kauri: "...ba don na raina karatu ba ne, hannuna ya fi bakina." Wata kuma ta babban mutum, daga bakin kabari: "...bar ni in kwana nan tare da kai."

Malam ya zauna a ƙasa. Ranar jana'izar Liyatu ya ɗauka cewa zai yi bari in kama hanya, har ya sa masa albarka ya raka shi bakin babur.

"Ai taimakonsa nake yi," ya ce. "Ina ganin yana shan wuya, ga mutane na kallo. Wane uba ne zai ga ɗansa na nutsewa ya naɗe hannu?"

"Ba nutsewa yake ba, Malam, tsallakowa yake. Kai ne kake janye gaɓar."

"To ke me kike yi lokacin da ta maƙale masa?"

"Ba na yin komai."

"Wannan ai ba aiki ba ne."

"Gwada ka gani," in ji ta, ta yi dariyar nan tata mai fitar da wushirya. "Ka fi ni karatu, amma wannan sai ka yi gumi."

Kunnen da ke gefe ya ce, "Kiran nan da kake nazari, ka lura ba a taɓa cewa mai baki ya amsa ba?"

Malam bai kula shi ba. Ya shiga tona rumbun da hannu biyu. "Ina ta yau? Wadda ya zo da ita ɗazu?"

"Ba ta faɗo ba tukuna," in ji Liyatu. "Tana bakinsa. In ya hau hanya da ita, to, sai dai in tsinta."

Ya tsaya. Ya dubi hannunta na hagu, ya ga a dunƙule yake tun ɗazu. "Wannan fa? Taki ce, ko? Ta asibiti. Ba ni."

Ta mayar da hannun bayanta. "Tawa ba ta ruɓewa. Za ka zo ka same ta, in faɗa maka da bakina, kai kuma ka yi shiru har in gama, ko da zai ɗauke mu shekara ɗari. Muna da lokaci a nan. Dogara ne ba shi da shi."

Ƙasa ta yi gurnani a ƙarƙashinsu, ta yi shiru. Ta sake yi. Gyaɗa ta fara gangarowa daga rumbu, rana biyun suka haɗe suka zama ɗaya, matan suka tashi sama kamar balbelu. Liyatu ta cusa masa yatsa a kunne ta murɗa, yadda take yi wa Dogara in tana masa wanka.

"Tashi, Malam. Sau uku yake bugawa kafin ya kama."

Ya farka jiƙe sharkaf da gumi, ƙamus a ƙasa. A waje aka buga babur karo na uku, injin ya kama.

Bai nemi takalmi ba. Ya dafa bango ya fita, ya tarar sama ta yi baƙi ta gabas, Dogara a kan babur ya riga ya juya kansa waje.

"Dogara! Kashe."

Ya kashe, ya sauko da sauri. "Baba, j-jikin ne?"

"Jiki da sauƙi. Ɗazu ka fara magana." Malam ya zauna a dakalin ƙofa. "Ban ji ƙarshenta ba."

Dogara ya dube shi kamar mai neman inda tarko yake. Ya cire hula. "Ina so k-k-k..."

Kalmomi uku suka taso wa Malam a lokaci ɗaya, kowace ta dace, kowace a shirye. Ya danne harshe da haƙori har ya ji ɗanɗanon jini. Jijiyar wuyan ɗansa ta miƙe, idonsa ya rufe, leɓensa na rawa. Kaza ta ratsa tsakar gida ta wuce. Iska ta kaɗa ƙyauren langa-langa. Malam bai taɓa sanin daƙiƙa tana da tsawo haka ba.

"...ka zo ranar Lahadi. Majami'armu. An b-ba ni karatun Nassi. A gaban j-jama'a."

Ba ɗaya daga cikin kalmomi ukun da suka taso masa ba ce. Malam ya yi shiru, don ya ga bakin bai rufe ba tukuna.

"Aya g-goma sha tara ce, Baba. Zan d-d-daɗe."

"Ka daɗe," in ji Malam Irimiya. Ya matsa gefe a kan dakalin, ya bar masa wuri. "Shigo da babur ɗin, ruwa zai sauko."