Ranar Da Bikili Ya Ƙi Sagiru

Tun da muka shiga kwaleji Sagiru yake cika mana kunne da labarin Bikili, dokin babansa. A ɗaki Bikili, a teburin mai shayi Bikili, har a aji sai da ya taɓa raɗa mini cewa malamin lissafi yana tafiya irin ta Bikili in ya ƙoshi da dusa. Ya ce shi ya rene dokin tun yana duƙushi, shi ya fara hawansa, kuma babu wanda ya taɓa shiga sukuwa da shi sai shi. Da ya ce mana ranar Asabar ana sukuwar bayan girbi a ƙauyensu, can bayan Doguwa, kuma shi zai hau, sai na ce to mu je mu gani da idonmu, ko kunnenmu ya huta.

Kamaluddeen, na ukunmu a ɗaki, ya aro tsohuwar motar yayansa. Muka bar Kano da sassafe, gari a lumshe, ragowar damina ta ƙi tafiya.

Wajen mararrabar Bebeji ne na ji abin da ban sani ba. Ashe baban Sagiru ya ce masa ya zo tun farkon mako. A gidansu, wanda zai hau doki a sukuwa shi yake kwanaki yana ba shi harawa da hannunsa, ya share masa turke, ya kai shi kilisa safe da yamma. Sagiru yana da gwaji a makaranta, bai je ba. Kuma hutun da aka yi ta yi a baya duk a Kano ya zauna, yana koyon gyaran waya a shagon wani abokinsa.

"To ba matsala?" na tambaye shi.

"Haba Nu'uman, dokina ne fa. Ko takuna ya ji ya san ni."

A Kwanar Dangora muka sha shayi. Sagiru ya sayi rake, wai tsarabar Bikili. Ya canja riga, ya sa wata fara mai guga, ya feshe jikinsa da turare har Kamaluddeen ya sauke gilashi yana tari yana cewa ango za mu kai ko mahayi. Muka yi dariya, shi ma ya yi. Wannan ce dariyar ƙarshe da na ji daga bakinsa a tafiyar.

A Tudun Wada taya ta yi faci, muka tsaya cikin yayyafi ana gyara. Da muka shiga dajin Falgore maganarsa ta ɗauke gaba ɗaya. Mutumin da ba ya iya rufe baki ko yana cin abinci, ga shi yana kallon bishiyoyi. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Lado ne yake kula da shi yanzu. Ɗan ƙanin Baba."

Sai ya ci gaba:

"Yayyena duk manoma ne, kowa da gonarsa. Ni a garinmu ba a san ni da komai ba sai hawan dokin nan. In Lado ya hau shi yau, me ya rage mini a gidan?"

Gaskiya ya ba ni tausayi. Na ce Allah ya kyauta, ka ji maganar banza.

Mun isa da hantsi. Babansa, Malam Datti, dogon dattijo ne siriri, yana zaune a kan buzu a ƙofar gida. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tambayi hanya, ya tambayi iyayenmu da malamanmu ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya gama da mu sannan ya dubi ɗansa.

"Sagiru. Ka samu zuwa."

"Na zo, Baba."

"To madalla. Je ka ku gaisa."

Dokin yake nufi. Muka bi shi bayan gida. A nan na yarda Sagiru bai yi mana ƙarya ba: Bikili doki ne, ja mai sheƙi, ƙafafu baƙaƙe, ƙirji fal. Lado yana tsaye yana goge masa wuya da tsumma, saurayi ne sa'anmu, kakkaura, marar yawan magana. Ya yi mana sannu da zuwa, ya ja gefe.

Sagiru ya yi wani ɗan fito, ya miƙa raken. Dokin ya ɗaga kai, ya buɗe hanci, sai ya kwantar da kunnuwa baya ya ja har igiyar turke ta miƙe. Sagiru ya ƙara matsawa yana kiran sunansa. Bikili ya juya masa baya ya kai harbi, saura kaɗan ya same shi a cinya.

"Turaren ne," in ji Lado a hankali. "Bai saba ba."

Sagiru ya tuɓe farar rigar nan ya jefar a ƙasa. Ya je rijiya ya kwara ruwa, ya cuɗa jikinsa da sabulun wanki har fatarsa ta yi fari, ya dawo sanye da wata tsohuwar taguwa da ya ciro daga ɗakin yayansa. Wannan karon dokin bai yi harbi ba. Ya tsaya cak yana kallonsa ta gefen ido. Amma raken bai karɓa ba.

Aka ɗaura sirdi, aka ja shi zuwa filin sukuwa. Gonakin masara ne da aka girbe aka share, jama'a sun yi layi gefe da gefe, masu tallar gyaɗa da masu babura da dawakin ƙauyukan kewaye. Malam Datti ya riƙe linzami da kansa. Sagiru ya sa ƙafa a likkafa ya haye. Na ji daɗi a raina, na ce shi ke nan.

Ko gyara zama bai yi ba Bikili ya fara tutsu. Ya tashi gaba, ya watsa baya, ya yi gefe cikin mutane har wata mai fura ta zubar da ƙwaryarta. Sagiru ya iya hawa, wannan na shaida, don bai faɗi ba. Amma duk wanda yake wurin ya ga dokin ba ya son wanda ke kansa. Malam Datti ya yi ta shafa masa goshi har ya lafa, sannan ya ɗaga kai.

"Sauko."

"Baba, zai saba. A ba ni zagaye ɗaya kawai."

"Sauko, Sagiru. Kada ku ji wa juna ciwo."

Bai ɗaga murya ba, ba kuma da faɗa ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Sagiru ya sauko. Dattijon ya miƙa wa Lado linzamin. Lado ya hau, dokin ya tsaya lamo kamar jakin kai taki.

Bikili ne ya zo na ɗaya. Ban ma kalli sukuwar sosai ba, fuskar abokina nake kallo. Ya tafa da aka tafa. Da matasa suka ɗaga Lado sama suna ihu, ya je ya miƙa masa hannu, ya ce ya yi ƙoƙari. Malam Datti yana ta amsa barka, hawayen murna a idonsa. Kamaluddeen ya ce mu kama hanya kawai, Sagiru ya ce ba a barin gidansu ba a ci abinci ba.

Bayan la'asar aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Daga tsakar gida muna jin Malam Datti da 'ya'yansa da Lado, sun kewaye akushi ɗaya kamar yadda suka saba, ana ta maimaita yadda Bikili ya wuce dokin mutanen Doguwa a kwana ta ƙarshe. Sagiru ya miƙe zai shiga wurinsu, sai ga ƙanwarsa Lantana ta shigo da tire. Shinkafa ce da miyar zabo, irin wadda ake yi wa baƙi, a kwanon tangaran. Ta durƙusa ta ajiye.

"Inna ta ce ku yi haƙuri da abincin ƙauye."

Ta fita. Na dubi tiren. Cokula uku ne a kai.

Sagiru ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Sannan ya koma ya zauna a kan tabarmar tare da mu, ya ɗauki nasa.