Shayin Babanmu Tela

Babanmu tela ne, kuma in ka raba shi da shayi ka gama da shi. Fulas ɗinsa a gindin keken ɗinki yake wuni. Da likita ta ce sai an yi masa aikin zuciya, sai ta ƙara da cewa jininsa ya yi ƙasa. Ta rubuta masa ƙwayar ƙarin jini, ta sa ranar aiki.

Umma ta riƙe abin hannu bibbiyu. Baba ba ya iya haɗiyar ƙwaya da ruwa, sai kakari kamar yaro. Don haka kullum ita ke dafa masa shayi mai kauri, ta zuba madara don ya yi ƙarfi, ta tsaya a kansa sai ya haɗiye. Ba ta taɓa fashi ba.

Ana gobe aiki aka sake auna shi. Jini yana nan inda yake.

"Ba zan buɗe ƙirjinsa a haka ba," in ji likitar. "Sai an yi ta ƙara masa jini, ƙoda na iya gazawa, ɗinkin ya ƙi warkewa. A ɗaga."

A ɗaga fa, ga mutumin da daga gado zuwa ƙofa sai ya tsaya haki. Raina ya ɓaci, na juya kan Baba. "Tsakani da Allah, kana shan maganin nan?"

"A gabana yake sha," Umma ta tare ni. "Da shayinsa, har da madara."

Likitar ta ajiye biro. A hankali ta ce shayi da madara suna hana jiki tsotsar wannan ƙwayar. Ta ce yanzu ta jijiya za a ba shi maganin, a sa wata rana.

Umma ta dubi hannuwanta. "Wato ni ce na hana shi."

Tausayinta ya kama ni. Sai Baba ya gyara zama da ƙyar.

"Likita, ba ruwan shayi. A kumatu nake ɓoye ta, in ta juya baya in tofar."

Tela ne, na sha jin ƙaryarsa ta "gobe ki zo, an kusa gamawa", na san yadda yake sosa kunne in zai yi ta. Yana sosawa. Likitar ta dube shi, ta ɗauki bironta, ta ci gaba da rubutu.

Umma ta share ido da bakin mayafi, ta hau shi da faɗa tun daga nan har bakin titi. Shi kuwa yana tafe yana haki, yana ba ta haƙuri.