Tsohon Kare Ba Ya Koyon Sabon Wasa

Shekara goma sha ɗaya Sabo yana tuƙa Mista Alex, wani tsohon injiniya Bature da ke zaune shi kaɗai a unguwar Al-Sadd, a wata ƙasar Larabawa. Kullum da la'asar sukan fita Corniche, wurin shan iska na bakin teku, a hanya su yi musayar karin magana: Bature ya kawo na Turanci ya warware, Sabo ya rama da na Hausa.

Ranar da Sabo ya gaya masa ya shiga ajin karatun manya yana da shekara arba'in da biyar, tsohon ya yi dariya ya ce a garinsu cewa ake tsohon kare ba ya koyon sabon wasa. Kwana biyu Sabo bai yi masa magana ba, don a garinsu Gumel ba a haɗa mutum da kare. A rana ta uku ya ce masa gemu ba ya hana ilimi. Tun daga nan maganar karen ta zama tsokana, har da ita tsohon yake kiransa.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mista Alex, magana ta gudu, sai tsofaffin karin maganar nan suka rage a bakinsa. Likita ya ce ba su nufin komai. Sabo bai yi gardama ba, ya dai ci gaba da kasa kunne. Cikin wata biyu ya gane: in ya ce tukunyar da aka zuba wa ido ba ta tafasa, shayi yake so. A tara ciyawa tun da rana, a kai shi bakin teku ke nan.

Sai 'yarsa Tracy ta zo ta ce za ta mayar da shi Ingila, gidan kula da tsofaffi. Abin da ya tsaya wa Sabo a rai shi ne can ba mai gane shi. Zai nemi shayi a gyaɗa masa kai a wuce. Ya sayi ɗan littafi, ya yi mako guda yana rubutawa da Turancinsa mai ɗingishi, kowace magana da abin da take nufi. Guda ɗaya ya tsallake, don bai ga amfaninta a can ba.

A filin jirgi, ana shirin tura shi ciki a keken marasa lafiya, tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya faɗi maganar karen. Ya sake faɗa. Tracy ta buɗe littafin da Sabo ya ba ta, ta bi shafi shafi.

"Babu wannan, Sabo. Me yake so?"

"Ni yake kira, madam."

Sabo ya karɓi littafin ya ɗora a gwiwarsa, ya ɗan jima biro na hannunsa. Sannan ya rubuta a hankali: in ya faɗi wannan, a zo a zauna kusa da shi, ba sai an ce komai ba.

Ya durƙusa ya gyara wa tsohon bargo.

"Ga ni, maigida."

Ya tsaya har keken ya shige. Da ya koma mota, ya tarar da kujerar gaba a ture baya, yadda yake yi don ƙafafun tsohon. Bai gyara ta ba.